Shigar da Na'ura Cikin Darasi: Tambayoyin da Malamai da Shugabannin Makarantu ke Yawan Yi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan tasowa a ofishin malamai da zaman kwamitin makaranta duk lokacin da aka zo maganar kwamfuta, majigi da waya a cikin aji. An gina amsoshin ne bisa halin da yawancin makarantun firamare da sakandare na arewacin Najeriya ke ciki: yara sun cika aji, wuta ba ta da tabbas, kuɗi kuma ba ya isa.

Muna so mu fara amfani da na'ura a darussanmu. Me za mu fara saya?

Kada ku sayi komai tukuna. Ku fara da takarda da biro. A zaunar da malaman Lissafi, Turanci, Kimiyya, Hausa da Nazarin Zamantakewa, kowa ya zo da jerin batutuwan zangon da za a shiga, ya nuna batu biyu ko uku da ya san duk shekara a nan yara ke cijewa. Malamin da ya daɗe a aji ba sai ya yi dogon tunani ba. Na Lissafi zai ce zana giraf da kusurwoyin da'ira. Na Kimiyya zai ce yadda jini ke zagaya jiki, ko yadda lantarki ke bin waya. Na Turanci zai ce furuci.

Sai a bi kowane batu a tambaya: me ya sa yake ba yara wahala? Idan abu ne mai motsi da alli ba ya iya nunawa, ko ya yi ƙanƙanta ido ba ya gani, ko yana nesa ba a iya zuwa, ko kuma sauti ne da sai kunne ya ji, to a nan na'ura ke da aiki. Idan kuwa matsalar ita ce yaran ba su iya karatu ba, ko babu littafi, ko shi malamin ne bai gama fahimtar batun ba, majigi ba zai yi maganin komai ba. Zai dai ƙara wa matsalar haske ne a jikin bango.

Abin da ya rage a takardar bayan wannan tacewa, shi zai gaya muku abin saya. Sau da yawa za a tarar laftof ɗaya, majigi ɗaya da lasifika sun ɗauke mafi yawan buƙatar. Makarantar da ta fara da sayen kwamfuta 30 sannan ta dawo tana neman abin da za a yi da su, ta sayi linzami ne ba ta da doki.

Ai muna da darasin kwamfuta a jadawali. Bai wadatar ba?

Abu biyu ne daban. Darasin kwamfuta, wanda hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta daɗe da sanyawa a manhajar karatu, yana koya wa yaro ita na'urar kanta. Abin da ake magana a nan shi ne malamin Labarin Ƙasa ya koyar da Labarin Ƙasa da taimakonta. Sai dai su biyun suna iya taimakon juna ƙwarai: maimakon malamin kwamfuta ya sa yara su yi ta buga jimlar da ba ta da ma'ana, sai ya karɓo insha'in da malamar Turanci ta ba su, su buga shi. Lokaci ɗaya, riba biyu.

Shin akwai hujjar cewa na'ura na ƙara wa yara fahimta, ko dai yayi ne?

Akwai hujja ta kowane ɓangare, kuma ya kamata shugaban makaranta ya san duka biyun kafin ya taɓa kuɗin iyaye.

A 2005 aka fito da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar laftof mai araha, wadda aka yi ta kira kwamfutar dala 100. Najeriya ma ta ɗanɗana, don a 2007 an gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi diddigin makarantun karkara 319 a can, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfuta, sun kuma ɗan ƙaru a gwajin kaifin tunani, amma makinsu a Lissafi da harshe bai ɗaga ba. An miƙa wa yara na'ura, amma yadda ake koyarwa yana nan yadda yake. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi shi ma ya ja kunne cewa ingantacciyar hujja kan amfanin waɗannan kayayyaki ba ta da yawa, kuma wani kaso nata daga masu sayar da kayan yake fitowa.

A ɗaya ɓangaren, inda aka fi ganin alfanu shi ne inda na'urar ta bi ta hannun malami. Jihar Edo ta fara shirin EdoBEST a 2018, inda aka bai wa malamai ƙananan na'urori ɗauke da shirin darasi, ba yara ba. Legas da Kwara sun bi sahu da irin nasu. Akwai masu sukar tsarin, suna cewa yana mai da malami mai karanta abin da wani ya rubuta masa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka ya nuna inda ya fi dacewa a fara zuba kuɗi idan kuɗin kaɗan ne.

Ba mu da wuta. Maganar ba ta mutu ba ke nan?

Ba ta mutu ba, lissafi take so. Laftof na cin wajen wat 60, ƙaramin majigi na zamani kuma ƙasa da wat 100. A haɗa su na tsawon awa 5, ba su wuce wat-awa 800 ba. Faifan sola ɗaya mai wat 300 da batir mai kyau za su ɗauki wannan a irin ranar da muke da ita daga Sakkwato har Maiduguri. Amma manyan kwamfutocin tebur guda 20 za su nemi wajen wat 3,000 a lokaci ɗaya, ban da fanka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, makarantar da ta dogara da janareta don kunna irin wannan ɗaki ta san ko sau nawa take iya buɗe shi a wata.

Saboda haka a zaɓi kaya masu batir a jikinsu, waɗanda ko wuta ta ɗauke a tsakiyar darasi ba za su mutu nan take ba. Wani abin da ake mantawa: ajujuwanmu na da haske sosai, ƙaramin majigi kuma ba ya fitowa da kyau da rana tsaka. Ko dai a sa labule mai duhu a aji ɗaya a riƙa kai yara can, ko a sayi talabijin mai faɗi, wadda ta fi jure haske, ba ta kuma cin wuta da yawa.

Data fa? Wa zai riƙa saya?

A yi tsarin kamar babu intanet a makarantar kwata-kwata. Malami ya sauke abin da yake buƙata tun kafin ranar darasi, ya zuba a filashi ko a laftof ɗin makaranta. Wanda ya tsaya gaban yara 80 yana jiran bidiyo ya buɗe, ya san yadda aji ke rikicewa cikin minti biyu.

Akwai manhajoji na kyauta da aka yi su musamman don irin wannan hali. Kolibri, mai ɗauke da darussa, ana sa ta a laftof ɗaya, sauran na'urori su jona da ita ta wayafai na cikin gida ba tare da data ba. Kiwix na ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, a buɗe ta ba intanet. GeoGebra da PhET, waɗanda za a yi maganarsu a ƙasa, su ma ana sauke su sau ɗaya a ci gaba da aiki. Sannan akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, wanda darussansa ke bin manhajar karatun Najeriya, wasu ma da Hausa. Malami ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender kamar yadda ake tura wa juna wa'azi da fim.

Ajina yara sun kusan 100, na'ura kuma ɗaya ce tak. Yaya zan yi?

Malam, na'ura ɗaya ta isa idan kai ne ke tuƙa ta kuma yaran na da aikin yi. Dabarar ita ce kada a nuna komai sai an sa su sun yi hasashe tukuna. Kafin ka danna, ka tambaya: idan na ƙara batir na biyu, ƙwan fitilar zai ƙara haske, zai rage, ko zai tsaya yadda yake? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, a ɗaga hannu a ƙirga, sannan ka danna. Yaron da ya riga ya faɗi ra'ayinsa ba ya kau da ido, don yana son ya ga ko shi ke da gaskiya. Bayan nan sai a kira biyu ko uku su fito su taɓa da hannunsu, kuma kada kullum su zama na layin gaba.

Idan akwai na'urori huɗu ko biyar, a raba aji rukuni-rukuni: wasu na kan na'ura, wasu na aikin littafi, wasu na tare da malami, a juya bayan kwata. Yana da wuya a makon farko. Sai an naɗa wa kowane rukuni shugaba, an kuma rubuta sunan wanda zai riƙe na'urar bi da bi, in ba haka ba yaro ɗaya mai baki zai kankane ta har ƙarshen zango.

A Lissafi, a ina take da amfani na gaske?

A wuraren da ake so yaro ya ga abu na canzawa. Ɗauki ƙa'idar nan ta babbar sakandare, cewa kusurwar da ke tsakiyar da'ira ta ninka wadda ke bakin da'irar sau biyu. A allo, malami zai zana misali ɗaya, ko biyu in ya yi ƙoƙari, yara su haddace. A GeoGebra, manhajar zane-zanen Lissafi, sai a ja ɗigon yana yawo a bakin da'irar, lambobin na nan a gefe, kowa na gani da idonsa cewa ta tsakiya 80, ta baki 40, duk inda aka kai ɗigon a wannan ɓarin. Haka giraf na y = mx + c: a riƙa ƙara m layin na miƙewa tsaye, a ƙara c layin na hawa sama gaba ɗayansa. Abin da kan ci mako guda ana zane da gogewa sai ya zauna cikin minti goma, sauran lokacin kuma a yi atisaye a littafi.

Wuri na biyu shi ne ƙididdiga. A sa yara su tambayo farashin kwanon masara, gero, wake da shinkafa a kasuwar garinsu duk ranar kasuwa har mako 6. A zuba lambobin a Excel, a fitar da matsakaicin farashi, a zana giraf. Yaran da ke kusa da Dawanau a Kano ko Giwa a Kaduna, iyayensu ma za su so ganin sakamakon. Amma sharaɗi ɗaya: su fara lissafa matsakaicin da hannu, sannan na'ura ta duba musu. Jadawalin sau, tarawa da ɗebewa, rabawa mai tsawo, waɗannan ba aikin na'ura ba ne. Yaron firamare da aka saba masa da kalkuleta tun bai iya sau bakwai ba, an cuce shi.

Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Kwamfuta za ta iya maye gurbinsa?

Za ta rage zafi, ba za ta maye gurbi ba. PhET, wanda Jami'ar Colorado ta Amurka ke samarwa kyauta tun 2002, na da kwaikwayon gwaje-gwaje na Fiziks, Kemistiri da Bayoloji: a haɗa batir da waya da ƙwan fitila, a gina ƙwayar zarra, a ga yadda iskar gas ke yi in an matsa ta ko an ɗumama ta. Ga abubuwan da ido ba ya gani, babu kamarsa, gani kuwa ya kori ji.

Amma ranar jarrabawar aiki-da-hannu ta WAEC ko NECO, kwalba da ruwan asid na gaske za a ajiye wa ɗalibi, hannunsa kuma zai yi rawa idan bai taɓa riƙe su ba. Duk gwajin da za a iya yi da kayan da ke kusa, a yi shi da hannu. Wake zai tsira a gwangwani, madubi zai karkatar da hasken rana, ruwan zoɓo zai sauya launi in an ɗiga masa lemon tsami ko ruwan kanwa. A nan waya sai ta zama mataimakiya: a ɗauki hoton waken kowace safiya na kwana goma, a jera hotunan a nuna, ko a ɗauki faɗuwar dutse da takarda a bidiyo mai tafiyar hawainiya.

Turanci da Hausa fa?

A Turanci, lasifika ta fi majigi amfani. Yawancin yaranmu ba sa jin Turanci a ko'ina sai a bakin malaminsu, shi ma a bakin nasa malamin ya ji. Sautukan p da f, ko b da v, sun daɗe suna ba Bahaushe wahala. A kunna musu gajeren karatu na minti biyu, su saurara, su maimaita, sannan a naɗi muryar wasunsu a waya a kunna su ji kansu. Yaro kan gane kuskurensa da kunnensa fiye da yadda zai gane in an yi ta gyara masa a gaban 'yan uwansa.

A ƙananan azuzuwa, ƙarancin littattafan karatu ne babbar matsala. Shafin African Storybook na da gajerun labarai masu hotuna da Hausa da Turanci, kyauta, ana iya saukewa a haska a bango aji ya karanta tare, ko a buga a takarda. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun bar kayan aiki da malamai da dama suka riga suka saba da su, sai a ɗora a kai.

Malamin Hausa kuma yana da wani aiki da babu mai yi masa: koya wa yara rubuta ƙ, ɗ da ɓ a na'ura. Ana sa Hausa a Gboard, wato allon rubutu na waya, cikin minti ɗaya, haruffan su fito. Ɗalibin da ya gama sakandare yana rubuta Hausa a waya ba ƙugiya, ba ƙa'idar raba kalma, akwai saura a karatunsa. Sannan a tura yara su naɗo tatsuniya, kirari ko waƙar daka daga bakin kakanninsu, su dawo su rubuta ta. Aikin ya haɗa adabin baka, saurare da ƙa'idojin rubutu a wuri guda, makaranta kuma ta samu taskar da ba a sayarwa a kasuwa.

Tarihi, Labarin Ƙasa da darussan addini?

Google Earth na da hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1984. A nuna wa yaran Kano yadda birnin ya cinye gonakin da ke kewaye da shi daga wancan lokaci zuwa yau, ko a bi ruwa daga madatsar Tiga zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, darasin yawan jama'a da na noman rani sun zo da kansu. Wannan kam yana son data, don haka malami ya ɗauki hotunan fuskar kwamfutar tun daga gida.

A Tarihi, hoton Gobarau ko ganuwar Kano na da amfani ga yaron da ke nesa. Wanda ke cikin garin kuwa a kai shi da ƙafa. A Larabci da karatun Alƙur'ani, sauraren ƙwararren makaranci na taimaka wa furuci, amma gyaran baki sai malami.

Darasi minti 40 ne. Ina lokacin jona wayoyi?

Babu shi, shi ya sa ba a jonawa a cikin darasi. A horar da ɗalibai biyu a kowane aji su riƙa haɗa kayan tun lokacin tara ko kafin malami ya shigo. A cikin shirin darasi kuma malami ya rubuta abu uku: a wane minti zai kunna, na tsawon wane lokaci, da abin da zai yi idan na'urar ta ƙi. Minti 10 zuwa 15 sun isa a yawancin darussa. Bidiyon da ya cinye darasi gaba ɗaya, malami na zaune a baya yana duba wayarsa, hutu ne aka ba shi wani suna.

A matakin makaranta, a liƙa takarda a ofis mai nuna ranaku da lokuta, duk mai son majigi ya rubuta sunansa da batun da zai koyar tun mako guda kafin nan. Ba a buƙatar kowane darasi ya zama da na'ura. Sau uku ko huɗu a zango ga kowane fanni, in an shirya su da kyau, mafari ne mai kyau.

Wasu malamanmu, musamman manya, suna gudun abin. A tilasta musu?

A'a. Mafi yawansu ba na'urar suke tsoro ba, kunya suke gudu a gaban yaran da suka fi su iya latse-latse. Bita ta kwana uku a otal, wadda ake koyar da komai a dunƙule a raba satifiket, ba ta cire wannan. Abin da ke cirewa shi ne a haɗa dattijon malami da matashi mai koyar da fanni ɗaya, su shirya darasi guda tare, matashin na riƙe da na'ura, dattijon na bayani. Galibi dattijon ya fi sanin inda yara ke tuntuɓe, don haka darasin kan fi na matashin shi kaɗai kyau. A ware awa ɗaya duk mako biyu malamai su nuna wa juna abin da suka gwada. Kuma duk malamin da ke tura saƙon murya a WhatsApp ya riga ya iya rabin abin da ake buƙata.

Mu bar ɗalibai su zo da waya?

Ra'ayina shi ne a'a, a firamare da ƙaramar sakandare. Rahoton UNESCO da aka ambata ya kawo binciken da ya nuna cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai na raba masa hankali. Ga kuma bambanci tsakanin mai shi da marar shi, ga ɗaukar hoton juna ba izini. A babbar sakandare ana iya ware rana, a sanar da iyaye a rubuce, a karɓi wayoyin a ofis, a fito da su lokacin darasin kawai.

Aikin gida da sai da waya za a yi shi ma akwai rashin adalci a ciki. A gidaje da yawa wayar ta uba ce, sai dare yake dawowa, kuma in za a ara wa wani, namiji ake ara wa kafin mace. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, rediyo ce ta fi kai darasi gidajen talakawa a jihohin arewa, ba intanet ba. Duk abin da makaranta ta wajabta, to ta tanadi hanyar yin sa a cikin makaranta.

Haka nan hotunan yara. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye ko mai kula da yaro kafin a yi amfani da bayanansa. Ɗora fuskokin ɗalibai da sakamakonsu a Facebook don tallar makaranta ba tare da an tambayi iyaye ba, abu ne da ya kamata a daina.

Yara sun fara kawo aikin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu. Mu hana?

Hanawa ba za ta yiwu ba, tunda Meta AI na cikin WhatsApp ɗin da ke gidajensu. Abin da zai yiwu shi ne sauya irin aikin. Insha'in da za a ba maki a rubuta shi a aji. Wanda aka yi a gida, a tsayar da yaro ya yi bayanin sakin layi ɗaya da bakinsa, nan take gaskiya ke fitowa. A babbar sakandare ana iya haska amsar da na'urar ta bayar a bango, a sa aji su nemo kurakuranta, domin tana yin su, musamman a Hausa da tarihin garuruwanmu, kuma ba ta jin kunyar ƙirƙiro abin da babu.

A 2024 Bankin Duniya ya gwada amfani da ƙirƙirarriyar basira a wasu makarantun sakandare na birnin Benin, na tsawon mako 6 bayan tashi daga makaranta, kuma Turancin yaran ya ƙaru. Amma malamai na tsaye a kansu, su ke ba da abin da za a tambaya.

Duk wannan zai taimaka wa yaranmu a JAMB?

Ƙwarai. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Tambaya 180 cikin awa 2 ba wasa ba ne ga yaron da ranar ce farkon zamansa gaban kwamfuta. Abin da ake buƙata kuwa ba shi da yawa: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, da sabawa da karatu a fuskar na'ura agogo na tafiya. Idan tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ana yi musu gwaji ɗaya a kowane zango a kwamfuta, ko da bi da bi ne, ba sai iyaye sun biya kuɗin koyon gaggawa ana saura mako biyu ba.

Ta yaya za mu san ko abin na aiki?

Ku koma kan takardar farko. Batutuwan da aka ce yara na cijewa, a yi musu gajeren gwaji na tambaya 10 kafin darasin, a sake bayan mako biyu. In akwai aji biyu masu mataki ɗaya, a koyar da ɗaya da na'ura, ɗaya yadda aka saba, a kwatanta, zango na gaba a juya. Murnar yara ba hujja ba ce, ko fim aka kunna musu za su yi murna. Abin da bai ƙara komai ba a ajiye shi, ko da an sha wahalar shirya shi.

Ina za a samu kuɗi, kuma wa zai kula da kayan?

Makarantun gwamnati su bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko ma'aikatar ilimi ta jiha. Shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 ya kuma fara da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, na da ɓangaren koyar da fasahar zamani a sakandare. Asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC shi ma ya daɗe yana kafa ɗakunan kwamfuta a makarantu. Ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda laftof ɗaya da majigi ba su fi ƙarfinta ba idan aka je mata da takarda mai nuna darasin da za a yi da su.

Ko daga ina kayan suka zo, kyauta ba ta zuwa da kuɗin gyara. Batir zai mutu cikin 'yan shekaru, caja za ta ƙone, ƙurar hunturu za ta toshe fankar majigi, zafin Afrilu kuma zai gama da abin da aka bari a ɗaki mai rufin kwano ba sili. Kwamitin kula da makaranta, SBMC, ko ƙungiyar iyaye da malamai su ware wani abu duk zango tun kafin komai ya lalace. A sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ƙyallen rufewa, a rubuta sunan makaranta a jikin kowace na'ura da abin da ba ya gogewa.

Makulli kuma kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. An sha ganin ɗakin kwamfuta a rufe zango guda saboda mai makullin ya tafi bita ko an yi masa canjin wurin aiki, an kuma sha ganin shugaban da ke hana taɓa kayan don kada su lalace kafin masu duba makaranta su zo. A ba mutum biyu makulli, a ajiye littafi a kan akwatin: wanda ya ɗauki na'ura, ajin da ya kai, lokacin da ya dawo da ita, da abin da ya lura ya samu matsala. Shugaban makaranta ya riƙa duba littafin duk ranar Juma'a ya sa hannu.